Baba ya ce aikin gwaji da 'ya'yan talakawa ne, ni kuma raina na can

Assalamu alaikum Anti. Ni nas ce kuma ungozoma, shekarata 27, ina aiki a wani asibitin gwamnati nan Daura, shekara huɗu ke nan kuma yawanci ɗakin haihuwa nike. Wasu masu bincike kan zubar jini bayan haihuwa sun yi mani intabiyu sun ce sun ɗauke ni, kwantiragin wata 18, albashin ya ninka nawa har da ɗori. Wallahi Anti tun ina makaranta abin da raina ke so ke nan, bincike da irin na'urorin nan masu sauƙi da ke aiki ko babu wuta. Amma Baba ya ce ba da yawunshi ba, wai aikin gwaji da 'ya'yan talakawa ne irin wanda aka yi a Kano, kuma ba mai hankalin da zai saki aikin fansho. Wanda zan aura bai hana ba amma ya ce yawon ƙauyukan ne ba ya so. Ga shi ba ni da digiri, ina tsoron ko hanyar ta likitoci ce kawai. Sati uku suka ba ni. Ya zan yi?

Ɗiyarki daga Daura

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya yi maki albarka, ya zaɓa maki abin da ya fi alheri. Na karanta saƙonki har sau biyu don ni ma daga ɗakin haihuwa na faro kafin in faɗa aikin bincike, kuma duk abin da kika lissafa na ji shi da kunnena a gidanmu. Bari in gaya maki matsayata tun farko don kar in bar ki a duhu: kar ki rubuta takardar ajiye aiki cikin sati ukun nan, kuma kar ki ce ma mutanen nan ba ki so. Akwai hanya tsakanin biyun. Amma sai mun fara da maganar Baba, don ita ce mai nauyi, kuma ina so ki daina kallonta kamar tsoron tsoho ne kawai.

Babanki ya san abin da yake faɗa. A 1996 an yi annobar sanƙarau a Arewa wadda ta kashe dubban mutane, a tsakiyar wannan tashin hankali kamfanin Pfizer ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano ya gwada wani magani Trovan a kan yara. Wajen yara 200 aka sa a ciki, rabi aka ba su sabon maganin rabi kuma wanda aka saba, yara 11 suka rasu, wasu suka samu nakasa. Iyaye da yawa sun ce ba wanda ya yi masu bayanin cewa gwaji ne, daga baya kuma ta fito cewa takardar izinin da aka nuna an maida kwanan watanta baya ne. Kamfanin ya musanta cewa maganinsa ne ya jawo, ya ce cutar ce, aka yi ta shari'a har 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. To wanda maciji ya taɓa sara ko tsumma ya gani sai ya zabura, kuma saran nan duk Arewa ya shafa, ki tuna a 2003 da aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohinmu labarin nan na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi, yaran da ba su ji ba ba su gani ba suka shanye, sai 2020 aka iya cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar shan innan. Don haka ranar da kika zauna da Baba kar ki kuskura ki ce mashi ai wannan labarin da ne. Ki ce mashi gaskiya ne Baba, an yi.

Abin da za ki ƙara mashi shi ne yanzu akwai ƙofofin da dole a bi, kuma ke da kanki za ki iya duba ko mutanen nan sun bi su. Najeriya na da kwamitin ƙasa na ɗa'ar binciken lafiya, NHREC, da kundin ƙa'idojinsa tun 2007, kuma duk binciken da za a yi da mutane sai wani kwamitin ɗa'a mai rajista ya karanta shi ya amince, in kuma da magani ko na'ura sabuwa a ciki sai NAFDAC ta sa hannu. Gobe ki kira wanda ya yi maki intabiyu ki ce kina so ki ga takardar amincewar kwamitin ɗa'a mai lamba da kwanan wata, da izinin ma'aikatar lafiya ta jiha, da fom ɗin neman yarda na Hausa, ki tambayi wa ke biyan kuɗin aikin, wane likita ne ko farfesa ke shugabanta kuma a wace jami'a ko asibiti yake, in gwaji ne ki ce a ba ki lambar rajistarsa ki duba a intanet, akwai rajistar gwaje-gwaje ta Afirka PACTR akwai ClinicalTrials.gov kowa na iya shiga kyauta. Sai tambaya guda da nike so ki yi ki kuma lura da fuskar mai ba ki amsa: in wani abu ya samu matar da ta shiga binciken wa zai biya kuɗin maganinta? Mutanen kirki murna suke yi da irin wannan tambayar, take za su turo maki takardun. In kika ji ana cewa ke dai ki zo ki fara daga baya a nuna maki, to magana ta ƙare, ki yi zamanki a inda kike ko nawa ne albashin.

Fom ɗin Hausar nan ki kai ma Baba ya karanta da kansa ko ki karanta mashi. Na fi yarda da shi a kan duk wani lallashi.

Kuma ki sani maganar yarda ita ce zuciyar aikin da kike so ki shiga, ba sa hannu ba ce kawai. Ba zan manta wata yarinya ba da aka kawo mana daga ƙauye, cikin fari, ba ta fi shekara 18 ba, uwar mijinta na zaune gefen gado da ƙullin kaya a cinya. Na yi bayani kusan minti ashirin, yarinyar kanta na ƙasa tana wasa da bakin hijabi, duk abin da na ce sai ta ce to. Uwar mijin ta ce malama kawo abin dangwalen kawai mu ai duk abin da likita ya ce shi ke nan. Da na so a lokacin na gama, adadin matan da ake so in sa a binciken ranar ya cika. Sai na ajiye biro na ce ma yarinyar ta maimaita mani abin da ta fahimta, sai ta ce wai in ba ta dangwala ba ba za a karɓi haihuwarta ba. Jikina ya yi sanyi. Na sake daga farko, na ce ko kin shiga ko ba ki shiga ba gadon nan naki ne, allurarki taki ce, ba abin da zai ragu, kuma in kin shiga yau gobe kika fasa ba mai tambayarki dalili. Ta ce tana so a jira mijinta. Muka jira har la'asar, ya zo, aka sake bayani da shaida a wurin, daga ƙarshe suka ce ba su so, na yi masu godiya na rubuta ta ƙi. Ranar ban cika lamba ba. Ɗiyata wannan shi ne bambancin aikin da abin da Baba ke tsoro, kuma in 'ya'yan Daura masu tsoron Allah da ke jin yaren matan nan ba su tsaya a kujerar nan ba, wani ne zai zauna wanda bai san cewa to ɗin 'yar ƙauye sau da yawa kunya ce ba yarda ba.

Sai ki ba Baba labarin ɗaya gefen, don ba Trovan kaɗai ba ne tarihin. Ke da ke ɗakin haihuwa kin san yadda muke auna jini da ido, a kalli zani a kalli ƙasa a ce ai bai kai ba, alhali mace ta wuce mililita 500 tuni, kafin a farga idonta ya juye. An yi wani babban bincike mai suna E-MOTIVE a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, da mata sama da 200,000, aka fitar da sakamakon a 2023. Me aka gwada? Wata leda ce kawai da ake shimfiɗa wa mai haihuwa, mai aljihu a ƙasa da layukan awo, jinin na taruwa ana gani, da ya kai layi sai a yi komai lokaci guda ba ɗaya bayan ɗaya ba, a murza mahaifa, a yi allurar oksitosin mai tsuke mahaifa, a yi allurar taranekzamik mai rage zubar jini, a sa ƙarin ruwa, a duba inda ke zuba. Mummunan sakamako, wato zubar jini mai tsanani ko tiyata ko mutuwa, ya sauko daga kashi 4.3 cikin 100 zuwa 1.6, raguwar wajen kashi 60 ke nan. Kuma wadda ta ja ragamar aikin a Najeriya 'yar Arewa ce, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero Kano. Ki faɗa ma Baba sunanta. Ki kuma tuna mashi da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauron nan da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 duk wata in damina ta sauka, shi ma bincike ne ya haife shi a ƙasashen Sahel irin namu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012 kuma Katsina na cikin wuraren farko da aka fara shi a ƙasar nan a 2013. Ƙila jikokinsa sun sha a gabansa.

Amma ki bi ta hanyar da ta dace fa. Kar ki tare shi yana dawowa daga kasuwa ki fara jero hujjoji kamar a kotu. Ki fara shawo kan Inna ko wata gwaggo da yake jin maganarta, ki zaɓi lokacin da hankalinsa ke kwance, ki durƙusa ki ce kin zo neman shawararsa ne ba sanar da shi ba, kuma ki yi nufin hakan har zuciyarki. In bayan duk wannan ya ce a'a, ban ba ki shawarar ki tsallake maganarsa ba, zan gaya maki a ƙasa abin da za ki yi wanda ba ya buƙatar ki bar asibitinki.

Yanzu maganar fansho, nan ma yana da gaskiya fiye da yadda kike zato. Aikin bincike a ƙasar nan kusan duk kuɗin waje ne ke riƙe da shi, kuɗin kuma na wani aiki ne takamaimai, ranar da aikin ya ƙare albashi ya ƙare. Wani lokaci ma ba ya kaiwa ƙarshen, a farkon 2025 da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin hukumarta ta agaji USAID mutane da yawa da ke ayyukan lafiya sun wayi gari da saƙon a tsaya, masu iyali, masu haya, masu kuɗin makaranta. Ni kaina na taɓa zama wata bakwai tsakanin wani aiki da wani. Don haka albashin da ya ninka nakin kar ki lissafa shi a wata 18, ki raba shi a wata 30 ki ga me ya rage, ki tambaya ko akwai inshorar lafiya, ko suna zuba fansho, ko akwai hutun haihuwa tunda aure ke gabanki, duk a rubuce cikin kwantiragin ba da baki ba. Abin da nike so ki yi shi ne ki rubuta wa hukumar kula da asibitoci ta hannun shugaban asibitinku kina neman ko dai hutu ba albashi na tsawon aikin ko a ba da aronki ga masu binciken, duka biyun sanannun abubuwa ne a aikin gwamnati, kuma in aikin da izinin ma'aikatar lafiya ake yinsa su masu binciken za su iya rubuta wasiƙar da za ta ƙarfafa taki. Ki gaya masu gaskiya cewa kina jiran amsar hukuma, ki nemi ƙarin lokaci, ungozoma mai shekara huɗu a ɗakin haihuwa da ke jin Hausar Daura ba a tsintarta a hanya, za su jira. Abin da ban yarda ki yi ba shi ne ki riƙe biyun a ɓoye kina biyan wata ta yi maki duti. Ana yi na sani, amma ranar da ta tashi tonuwa lasisinki ne a kan layi, kuma aikin da jarinsa amana ne ba a fara shi da ɓoye-ɓoye. In hukuma ta ƙi ba da hutun ƙememe, ni a ganina a wannan karon ki haƙura, kar ki saki reshe ki kama ganye, ki shirya ma na gaba.

Batun ko hanyar ta likitoci ce, a'a. Likita ko farfesa shi ke shugabantar bincike yawanci, amma aikin yau da kullum nas ne da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje da masu harhaɗa magani da masu kula da bayanai ke yinsa. Ana farawa daga mai tattara bayanai ko nas ɗin bincike, a zama kodineta mai riƙe da asibiti guda, daga nan wasu su zama masu sa ido da ke zagaya asibitoci suna duba ko an bi ƙa'ida, wasu su koma kula da bayanai, wasu su yi karatu mai zurfi su fara jagorantar nasu binciken. Sai dai ina so in cire maki wani hoto da ƙila ke ranki na farar riga da na'ura mai walƙiya. Kaso mafi yawa na aikin rubutu ne. Ki rubuta lokacin da aka yi allura har minti, in kin yi kuskure ba a gogewa ba a shafa farin ruwa, layi ɗaya za ki ja a kai ki rubuta daidai a gefe ki sa hannu da kwanan wata, ki duba zafin firij safe da yamma ki rubuta, ki bi matar da ba ta dawo ba har gidanta, mai sa ido ya zo ya zauna da fayil ɗinki kwana biyu yana tambayar me ya sa nan 14 can 41. In wannan ya gundure ki tun a tunani ki sake nazari.

Kuma jarabawar da za ta same ki ba ta kuɗi ba ce, ta gajiya ce. Na taɓa kama wani yaro da muka tura ƙauyuka, fom talatin ya kawo, duk matan bugun zuciyarsu 80, duk da biro ɗaya da rubutu mai tsafta ba ƙura ba gumi, ashe a gindin wata bishiyar darbejiya ya zauna ya cike su don rana ta yi zafi kuma babur ɗinsa ba mai. Shi a ganinsa ƙaramin abu ne. Amma da lambobin nan za a yanke hukuncin maganin da za a ba mata dubbai da bai taɓa gani ba, ƙarya a fom ɗaya tana iya zama gawa a wani gari. Gurbin da ba ki cike ba kika rubuta dalili ya fi lambar da kika ƙirƙira sau dubu, kuma duk wanda ya daɗe a harkar nan zai gaya maki mutanen da ake kira aiki bayan aiki su ne waɗanda aka san ba su cike gurbi da ka.

Abin da za ki fara tun daren yau da wayarki: ki yi kwas ɗin GCP, wato ƙa'idojin gudanar da gwajin asibiti, ana yinsa kyauta a shafin The Global Health Network na Jami'ar Oksfod kuma a ba ki satifiket, akwai kuma TRREE shi ma kyauta kan ɗa'ar bincike. Ki koyi Excel sosai ba sama-sama ba, ki buɗe manhajar KoboToolbox ki gina fom da kanki ko na lissafin kayan ɗakin haihuwarku ne, don yawancin ayyukan ƙauye da ita ko makamanciyarta ODK ake tattara bayanai a waya ko babu netwok, manyan gwaje-gwaje kuma za ki tarar da wata manhajar da ake kira REDCap. DHIS2 kuwa kin riga kin san shi ko ba ki san sunansa ba, can ne rahoton wata-wata na asibitinku ke tafiya. Digiri kuma ki sa shi a gaba don shi ne zai buɗe maki matakin sama, Jami'ar NOUN na yin digirin nas ga masu lasisi kina aiki kina karatu, ABU Zariya ma na da na nesa, bayan shi sai mastas a lafiyar al'umma a BUK ko ABU. Guraben tallafin karatu na waje irin Commonwealth da Chevening da na shirin TDR na Hukumar Lafiya ta Duniya suna nan, amma masu tantancewa abin da kika yi a gida suke nema, don haka kar ki fara da su.

Na ji daɗi da kika ambaci na'urori, nan ne raina ya fi tsayawa. A wani asibiti da na yi aiki akwai wani ɗaki da muke ce ma sito, cikinsa kwalaben jarirai bakwaini ne guda uku sababbi da ledarsu, kyauta daga waje, ɗaya ta yi aiki wata biyu wuta ta yi sama ta ƙone wani ɗan abu a ciki da bai kai girman akwatin ashana ba, babu shi a ƙasar nan babu wanda ya iya gyara, sauran biyun aka ji tsoron kunnawa, ƙurar hunturu ta rufe su, a ɗakin da ke kusa kuwa uwa ce ke ɗaure da bakwaininta a ƙirji fata da fata kuma shi ne ya rayu. Wanda ya ƙera kwalbar nan bai taɓa kwana a asibitin da wuta ke ɗaukewa ana tsakiyar ɗinki a koma fitilar waya ba. Ke kin kwana. Mai ɗaki shi ya san inda ke mashi yoyo, kuma wannan sanin shi masu ƙera kaya ke nema ido rufe. Ki duba oksitosin, ana so ya zauna a sanyin digiri 2 zuwa 8, ke kuwa kin san zafin Daura a watan Afirilu ya wuce 40 kuma kin san awa nawa firij ɗinku ke yi a mace, shi ya sa wani lokaci a yi allurar mahaifa ta ƙi tsukewa. Wannan matsalar ce ta sa aka gwada wata allura makamanciyarsa, kabetosin mai jure zafi, a mata kusan 30,000 a ƙasashe 10 har da Najeriya aka fitar da sakamako a 2018. Ko ɗan abin nan da muke maƙala wa a yatsa don auna oksijin, wani bincike a Jami'ar Mishigan ta Amurka a 2020 ya nuna yana ɓoye ƙarancin oksijin a baƙar fata kusan ninki uku fiye da farar fata, to ki ƙara da lallen da matanmu ke sha a yatsu ki gaya mani wa ya kamata ya yi wannan tambayar in ba mu ba. A Malawi injiniyoyin Jami'ar Rice da likitoci da nas-nas na asibitin Bilantaya suka haɗu suka fito da Pumani, na'urar taimaka wa jariri numfashi mai arha. Don haka ba sai kin zama injiniya ba. Ki zama wadda ke gwada kaya a ainihin ɗakin haihuwa ta ce batirin awa nawa ya yi, ƙura ta toshe ina, in ya lalace wa zai gyara a Katsina, ledar in ta ƙare nawa ce kuma wa zai saya bayan masu aikin sun tafi. Tambayar ƙarshen nan ki riƙe ta, ita ce ke kashe yawancin abubuwa masu kyau.

Wannan ya kawo ni kan abin da na yi maki alkawari, in Baba ya ƙi ko hukuma ta ƙi. Rajistar ɗakin haihuwarku cike take da tambayoyin da ba wanda ya zauna ya amsa. Mata nawa suka zubar da jini bara, nawa aka rubuta adadin jinin nawa aka bar gurbin fayau, daga wane ƙauye aka fi kawo su a makare, awa nawa ake yi kafin a samu jini. Ki nemi likita ɗaya ko malami a makarantar nas da ke da sha'awa, ku rubuta ɗan tsari shafi uku, ku nemi izinin asibiti da na kwamitin ɗa'a kafin ki kwafi ko layi ɗaya, ba a ɗaukar hoton rajista a waya ba a fitar da sunan kowa, ku tattara ku lissafa ku gabatar a taron asibiti. Ƙaramin abu ne amma ranar wata intabiyu za ki ce ga abin da na yi da hannuna, kuma ƙila kafin nan ma ya sa an gyara wani abu a ɗakinku.

Shi kuma angonki damuwarsa ba ta banza ba ce, duk wanda ke jihar nan ya san akwai hanyoyin da ba a bi, ɓangaren Batsari da Safana da Jibiya da Ɗanmusa da Ƙanƙara ba sai na gaya maki ba, kuma ko da yankin Daura ya fi lafiya dole ki ji sunayen garuruwan da za a tura ki ɗaya bayan ɗaya, da mota ko babur, ke kaɗai ko da abokin aiki, ana kwana ko ana dawowa kafin magariba, kuma wa ke da ikon cewa yau ba za a je ba. Binciken zubar jini sau da yawa a cikin asibiti ake yinsa, ƙila yawon bai kai yadda yake tsammani ba, ki samo jadawalin ku duba tare. Ku yi maganar nan filla-filla yanzu kafin a ɗaura, har da karatun da kike son yi nan gaba, a gaban waliyyinki in da hali, kar ki bari sai kin tare.

Ki yi istihara, ki kira su gobe da safe ki nemi takardun nan, wasiƙar neman hutun kuma ki rubuta ta a satin nan don takarda na jimawa a ofis. In fom ɗin Hausar ya zo ki karanta shi da idon yarinyar nan mai wasa da bakin hijabi, in akwai layin da ke kanki sai kin karanta sau biyu ki ja mashi layi ki nuna masu. Ki sake rubuto mani in ji abin da suka ce kan wanda zai biya kuɗin magani, da abin da Baba ya ce bayan ya karanta. Ki gaishe mani da shi da Inna.